Likita ya ɗinke, kada miji ya warware



'Yan uwa samari, akwai maganar da ba a cika yin ta a majalisunmu ba, wai don kunya. To amma malamanmu na fiƙihu ba su ji kunyar buɗe babin haila da biƙi da yoyon fitsari a littattafansu ba, kuma tun muna yara ake biya mana su a zaure. Saboda haka yau za mu yi maganar matar da aka yi wa tiyata a gabanta, da abin da ya hau wuyan mijinta daga ranar da aka sallamo ta daga asibiti.

A Turai da Amurka akwai aikin da mata kan biya kuɗi a yi masu na rage leɓɓan farji, wasu don lalura, da yawa kuwa don kwalliya kurum. Wannan ba shi ne damuwarmu a ƙasar Gwandu ba. Amma ko a can, inda ƙaramin yanka ne na waje, likita kan ce a yi kamar makonni shida ba kwanciyar aure, ba aikin ƙarfi. To ina ga matarmu da aka ɗinke wa mafitsara?

Abin da ke kai matanmu ga wannan tiyata shi ne yoyon fitsari. Mace ta kwana biyu ko uku a kan gwiwa, kan jariri ya tokare a ƙugu, ya matse naman da ke tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa har jini ya daina kai wa wurin. Naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya zube, ya bar kafa. Daga nan fitsari ba ya tsayawa dare da rana, kuma galibi jaririn ma an rasa shi. Hanya ta biyu kuwa mu muke jawo ta da hannunmu, wato yankan gishiri, inda wanzami ko ungozoma za su sa aska ko reza a gaban mace, wai don naƙuda ta yi tsawo, ko don amarya na gudun miji, ko don ba ta haihu ba. A binciken da Dakta Tahzib ya buga a 1983 kan mata 1,443 da aka duba a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, kusan kashi 13 cikin ɗari yankan gishiri ne ya huda su. Askar da aka ce magani ce, ita ta zama cutar.

Alhamdu lillahi, abin yana gyaruwa, kuma ba sai an yi nisa ba. Ga cibiyar masu yoyon fitsari ta Gesse nan cikin Birnin Kebbi, ga asibitin Maryam Abacha a Sakkwato, ga Babbar Ruga a Katsina inda likitan nan ɗan ƙasar Holan, Dakta Kees Waaldijk, ya soma wannan aiki tun shekarun 1980, ya kuma koyar da likitocinmu da dama. A 2005 an yi gangamin makonni biyu a jihohin Kebbi da Sakkwato da Kano da Katsina, aka yi wa mata fiye da 500 aiki. Mafi yawan waɗanda kafarsu ba ta yi muni ba sukan warke tun a aikin farko. Kuma likitoci sun yi ittifaƙi cewa aikin farkon nan shi ne babbar dama, domin duk ɗinkin da ya warware yakan bar tabo, na biyu ya fi na farko wuya, na uku ya fi na biyu.

To a nan ne maganar ta zo kanmu. Likita aikin sa'a ɗaya ko biyu yake yi. Sauran aikin na watanni ne, kuma a ɗakinka ake yin sa.

Bayan tiyata akan bar mata robar fitsari kwana bakwai zuwa sati biyu, wani lokaci fiye, gwargwadon girman kafar, don kada mafitsara ta cika ta ja ɗinkin. Ana so ta yi ta shan ruwa da yawa har fitsarin ya yi fari tas, kada robar ta toshe. Idan wannan ya faɗo cikin Ramadan, ta sha azuminta ta rama daga baya. Marar lafiya ce, Allah ya yi mata rangwame, kada wani ya ɗora mata abin da Mahaliccinta ya sauke. In ta dawo gida, ba daka, ba surfe, ba jan guga, ba ɗauko itace ko tulu a ka, har sai likita ya yarda. Wanda ya san rayuwar mace a Kambaza ko Dalijan ko Diggi, musamman lokacin girbin shinkafa, ya san wannan sharaɗi ba zai cika ba sai an samu wanda zai tsaya a madadinta. Ka ɗauko ƙanwarka, ko ka biya mai ga-ruwa, ko ka kai hatsin inji. In duk babu, ka ja gugar da kanka. Rawaninka ba zai faɗi ba.

Sai babban sharaɗin, wanda a kansa ne ake yawan faɗuwa: ba saduwa har wata uku, wasu likitocin ma wata shida suke cewa. A nan za ka ji saurayi mai gemu da ɗage wando yana cewa, "Ai haƙƙina ne, kuma ta ce ta ji sauƙi." Ɗan uwa, bushewar zane daban, warkewar nama daban. Fitsari kan tsaya tun a makon farko, alhali naman da aka haɗa ɗanye ne. Dare ɗaya ya isa ya mayar da ita inda ta fito, da wari da kuka da kwana a tabarmar buhu. Kuma ka sani, da yawansu ba za su iya ce maka a'a ba, don tsoron saki ko tsoron kishiya. Shirunta ba izini ba ne. Shari'ar da ta ba ka haƙƙi ita ce ta hana ka kusantar matarka cikin haila da biƙi da yinin Ramadan, ita ce kuma ta haramta cutarwa. Wanda ya iya haƙurin jegon kwana arba'in, me zai hana shi na wata uku? In abin ya matsa, maganin da Manzon Allah (SAW) ya nuna wa samari shi ne azumi.

Wasu kuma sai su ce gara ta tafi gidansu ta yi jinya. Ba laifi in hakan zai fi ba ta hutu, muddin ciyarwa da kuɗin magani da kuɗin mota suna bin ta. Amma mun san yadda ake yi: "je ki gida ki warke" kan zama saki marar takarda. Wata shida ba aike, ba leƙe, sai ta ji ana guɗar amarya a ɗakinta. Subhanallahi! Wajen haifa maka ɗa fa ta samu wannan rauni. Ku tuna Sayyidina Usman ɗan Affan bai halarci Badar ba, saboda Manzon Allah (SAW) ya bar shi a Madina yana jinyar matarsa Ruƙayya, kuma aka ba shi rabon ganima da ladan wanda ya halarta. Jinyar mata ta tsaya a matsayin Badar, mu kuwa muna ganin zaman benci a Gesse zubar da girma ne.

Akwai kuma abin da sai ka sa ido, domin daga masoya yake zuwa. Gwaggo ko maƙwabciya za ta kawo ƙulli, ta ce matsi ne, a cusa don ta koma kamar budurwa kada miji ya guje ta. Ƙasarmu ta yi suna da kayan mata, kowa ya sani. To duk abin da za a cusa a wurin da aka ɗinke, ganye ne ko gishiri ko alif ko miski, yana iya ƙona naman, ya kawo ruɓa, ko ya bar tabon da zai tsuke hanya. Ruwa mai tsabta daga waje ya wadatar. Kai ne za ka faɗa da bakinka, cikin ladabi, cewa ba ka buƙata, don dominka ake yi. In kuwa ka ga zazzaɓi, ko jini, ko ruwa mai wari, ko fitsari ya ƙi fita, ko ya dawo yana zuba, asibiti za a koma a ranar, ba wurin wanzami ba.

Wani zaluncin kuma da sunan addini ake yin sa. Sai a ce wa mai yoyo ba ta da tsarki, ta bar salla. Wane littafi? A mazhabarmu ta Malikiyya, wanda fitsari ke zubar masa ba da ikonsa ba a mafi yawan lokaci, alwalarsa ba ta warwarewa da shi, an dai so ya sabunta ta. Yana nan cikin Risala da kuke karantawa. Ta yi ƙunzugu ta yi sallarta. Wasu ma ko bayan an rufe kafar, fitsari kan ɗan ɗiga in sun yi tari ko dariya. Wannan ba ya nufin aiki ya ɓaci, akwai motsa jikin da ake koya masu da kuma ƙarin magani. Mu da muke alfahari da Malam Abdullahi na Gwandu, mu tuna yana da littafi mai suna Masalihul Insan, wanda ya haɗa maslahar addini da ta jiki wuri guda.

Saura maganar ciki na gaba. Likitoci kan so a jinkirta kamar shekara guda, a kuma tattauna hanyar tazara da su tun kafin sallama. In ciki ya samu, awo tun da wuri, haihuwa kuwa ta tiyata ce a asibiti, ba a jiran naƙuda ta kankama a gida, ko da uwarka ta ce ita goma ta haifa a bayan ɗaki. A watan Nuwamba na 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ba da sanarwar yin tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi a asibitocin da aka zaɓa, don haka ka tambaya tun a wurin awo ko naku yana ciki. Ko yana ciki ko ba ya ciki, ka ware buhun shinkafa ko ɗan akuya tun cikin yana wata uku, ka yi magana da mai motar da zai tashi ko da tsakar dare ne, ka nemi 'yan uwa biyu da za su iya ba da jini. In wata tara ya kama, ku matso Birnin Kebbi wurin dangi. Katin da aka ba ta ranar sallama kuwa a adana shi cikin leda, domin shi za ta fara miƙa wa ma'aikaciyar jinya kafin a tambaye ta komai.