Fiya-fiya Cikin Wake: Da Wace Hujja Za Mu Yi Hukunci?

Babu ɗayanmu da zai yi mako bai ci wake ba, ko dai a ƙosai, ko alale, ko garau-garau. To amma kaɗan daga cikinmu ne suke tambayar yadda waken nan ya yi watanni a rumbun ajiya ƙwaro bai huda shi ba. Sau da yawa amsar ita ce fiya-fiya, wato maganin ƙwarin da masana suke kira dikulobos, wanda wasu masu ajiya kan yayyafa wa wake kai tsaye.

A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen waken Nijeriya ƙasashenta, domin an yi ta samun ragowar wannan magani a cikinsa fiye da iyakarsu, wato miligiram 0.01 a kowane kilo. Tun daga nan mutane suka kasu gida biyu. Wasu suka ce waken kasuwa duk guba ne, wasu kuwa suka ce ƙeta ce kawai ta Turawa, ai mun daɗe muna ci ba mu mutu ba. Ni dai a ganina kowane ɓangare ya yi gaggawar yanke hukunci.

Mu fara da masu cewa "mun ci ba mu mutu ba". Dikulobos yana kashe ƙwaro ne ta hanyar hana wani sinadari na jijiyoyi aikinsa, kuma irin wannan sinadarin yana nan a jikin ɗan'adam. Idan ya yi yawa a jiki sai a ga dalalar miyau, da gumi, da amai, da ƙanƙancewar ƙwayar ido, da sarƙewar numfashi. Wannan kowa yana iya ganinsa. Abin da ido ba ya gani shi ne illar ɗan kaɗan-kaɗan da ake ci shekara da shekaru, musamman ga yara da masu ciki. Wanda ya ci yau ya tashi lafiya gobe bai tabbatar da kome ba game da wannan, sai dai a bi dubban mutane tsawon lokaci ana kwatantawa. A 1991 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa dikulobos cikin abubuwan da "mai yiwuwa" su jawo ciwon daji, galibi bisa gwajin da aka yi a kan ɓeraye. Ba ta ce tabbas ba, ba ta kuma wanke shi ba.

Su ma masu cewa duk guba ne akwai gyara a maganarsu. Iyakar nan ta 0.01 ba ita ce mizanin da mutum zai kamu da ciwo in ya ƙetare ba. Ita ce iyakar da Turai take sa wa maganin da ba ta yarda a yi amfani da shi a gona ba. Ƙetare ta shaida ce cewa an zuba maganin inda bai kamata ba, amma sanin girman haɗarin sai an auna nawa ne a cikin waken, da kuma nawa mutum yake ci. A nan ne ma damuwata take, domin Bahaushe ya fi Bature cin wake nesa ba kusa ba.

Tarihin DDT ya isa wa'azi. Paul Müller ya sami kyautar Nobel a 1948 saboda gano amfaninsa, Amurka ta hana fesa shi a gona a 1972 bayan an ga yadda yake taruwa a jikin tsuntsaye da kifaye, sannan yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta bar ƙofa a buɗe domin yaƙi da sauron zazzaɓi. Wato an auna amfani da illa, an duba ko akwai madadi.

To a batun wake madadi yana nan. Buhun PICS mai ninki uku, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta samar tare da masanan Afirka, yana toshe iska har ƙwaron ya mutu ba tare da ɗigon magani ba. Kakanninmu ma da toka da yashi suke ajiya. Tunda haka ne, ba sai mun jira an tabbatar da ciwon daji ba kafin mu raba fiya-fiya da abinci.

Saboda haka ina kira ga hukumar NAFDAC da ta riƙa ɗiban wake a kasuwannin hatsi tana aunawa, ta kuma bayyana sakamakon a rediyo cikin harshen da manomi da ɗan kasuwa suke ji. Bai kamata sai waken ya isa tashar jirgin ruwa ta wata ƙasa ba sannan mu san abin da muke zubawa a tukunya. Rigakafi dai ya fi magani.