A Daina Raina Fim Don Ɗakinsa Ɗaya Ne

Kusan shekara talatin ke nan 'yan kallo suna yanke wa fim ɗin Cube hukunci iri ɗaya. Cewa suke yi fim ne na talauci, ɗaki ɗaya aka yi ta juyawa, babu fitaccen jarumi ko ɗaya a ciki, sannan aka tashi ba a gaya wa kowa wanda ya gina wurin ba, balle dalilin gina shi. Irin wannan hukunci ake shafa wa 'yan'uwansa da suka biyo baya, kamar Circle na Amurka da ya fito a 2015 da The Platform na Sifaniya da ya fito a 2019. Da zarar an ga mutane ƙalilan an kulle su wuri guda, an ɗora musu ƙa'idar da duk wanda ya saɓa ta zai mutu, sai ka ji an ce ai wannan ƙaramin fim ne, ba a kashe masa kuɗi ba. Ni ban yarda da wannan hukunci ba ko kaɗan. Abin da ake kira aibin waɗannan finafinai shi ne ainihin ƙarfinsu, kuma abin da 'yan kallo ke nema a ƙara musu shi ne zai kashe su.

Ga wanda bai kalla ba, labarin Cube bai da wuyar faɗa, kuma dole in taɓo ƙarshensa. Mutane ne da ba su san juna ba suka farka a cikin wasu ɗakuna masu kama da akwati, tsawo da faɗi da bisa duk ɗaya. Kowane ɗaki yana da ƙofa shida: huɗu a bango, ɗaya a rufi, ɗaya a ƙasa, kowace kuma wani ɗakin irinsa take kai mutum. Wasu ɗakunan lafiya lau, wasu tarko ne, mai waya da ke yanka mutum gunduwa-gunduwa, ko mai fesa ruwan guba da ke cinye fuska. Babu abinci, babu ruwan sha. A cikinsu akwai ɗan sanda Quentin, da likita Holloway, da ɗalibar lissafi Leaven, da ma'aikacin ofis Worth, da Rennes wanda ya shahara wajen tserewa daga kurkuku, da Kazan, saurayi mai lalurar ƙwaƙwalwa da sauran suka ɗauka kaya ne kawai a wuyansu. Dukkan sunayen daga gidajen yari na gaske aka aro su, irin su San Quentin a Amurka da Holloway a Landan da Rennes a Faransa.

Mu fara da maganar kuɗin, tunda ita ce a bakin kowa. Vincenzo Natali, ɗan Kanada, ya shirya fim ɗin a Toronto, shi ne kuma dogon fim ɗinsa na farko. Kuɗin da aka kashe tsaba bai kai dalar Kanada dubu 400 ba, aka ɗauke shi cikin kimanin mako uku. A shekarar da ya fito, 1997, Titanic ya fito, wanda ya ci dala miliyan 200. A labarin Cube ɗakunan sun kai 17,576, wato 26 sau 26 sau 26, amma a zahiri cikakken ɗaki ɗaya aka gina, ƙafa 14 ta kowane ɓangare, da ɗan guntun wani don ɗaukar hoto ta bakin ƙofa. Idan ana son a nuna an shiga sabon ɗaki, sai a canja launin bangon, ja ya koma shuɗi, shuɗi ya koma kore. Wani kamfanin Toronto mai haɗa hotunan kwamfuta ya yi musu aikinsa kyauta. Da wannan ɗan abin fim ɗin ya ci kyautar gwarzon fim na farko na ɗan Kanada a bikin finafinai na Toronto, ya samu karɓuwa sosai a Faransa da Japan, ya ninka kuɗinsa sau da yawa. Japanawa ma sun sake shirya shi da harshensu a 2021.

Ba cinikin ba ne hujjata, domin shirme ma yakan yi kasuwa. Hujjata ita ce abin da ƙuncin wurin yake yi wa mai kallo. Babban fim yana da wuraren ɓuya da yawa. Idan labari ya yi rauni a fasa mota, idan zance ya ƙare a nuna teku ko birni yana rushewa, mai kallo ya shagala ya manta ba a gaya masa komai ba. A ɗaki mai bango huɗu babu inda marubuci zai ɓuya. Fuskar mutum ce kawai, da abin da ya faɗa, da abin da ya zaɓa. Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma Natali da gangan ya zauna cin nasa babu miya. Maimaituwar ɗakin nan da ake yi wa dariya ita ce ke sa ƙirjin mai kallo ya yi nauyi, domin kowace ƙofa aka buɗe abin da aka baro ake tararwa. Da ya samu kuɗin gina ɗaki hamsin mabambanta, da ya ba mu wurin yawon buɗe ido, ba kurkuku ba.

Dubi kuma yadda rashin kayan aiki ya tilasta wa labarin amfani da hankali. Rennes yana ɗaure takalmi da igiyarsa ya jefa cikin ɗaki don ya gwada ko akwai tarko. Yana koya musu su tsotsi maɓallin riga don yawu kada ya ƙafe. Shi da ya fi kowa ƙwarewa kuma shi ne farkon wanda ya mutu a cikin tawagar, saboda ya faɗa tarkon da takalmi ba ya tayarwa. Daga nan mai kallo ya san babu gwanin da zai cece su. Sai Leaven ta lura da lambobin da aka rubuta a bakin kowace ƙofa, ta gano alaƙarsu da lambobin da ba sa rabuwa da komai sai da ɗaya da kansu. Dabarar ta yi aiki na ɗan lokaci, sannan ta ci amanarsu, domin ƙa'idar ta fi haka zurfi, kuma Kazan da aka so a yar a hanya shi kaɗai ke iya wannan lissafin da ka. Wace fashewar bam ce za ta ba ka irin wannan?

Ƙorafi na biyu ya fi na kuɗin ɓata mini rai, wato wai fim ɗin bai ba da amsa ba. Ya bayar. Amsar ce ba ta yi wa mutane daɗi ba. A tsakiyar labarin kowa ya kawo hasashensa. Holloway ta ce gwamnati ce da masu ƙera makamai. Quentin ya ce wani attajiri ne mai taɓin hankali yake nishaɗi. Sai Worth ya tona asirin kansa: shi aka ba kwangilar zana bangon waje na ginin. Bai san wanda ya ba shi aikin ba, bai tambayi abin da za a yi da shi ba, an biya shi ya yi shiru. A fahimtarsa babu wani shugaba a sama da ke riƙe da linzami. Kowa guntun aikinsa ya yi, aka manta dalilin farko, kuma ana zuba mutane a ciki ne kawai don tunda an gina dole a yi amfani da shi, in ba haka ba a amsa cewa ɓarna aka yi.

Wannan ita ce magana mafi ban tsoro a fim ɗin, ta fi wayar da ke yanka mutum. Mai kallo yana son a nuna masa mugu ɗaya mai suna da fuska, don a kashe shi a ƙarshe kowa ya koma gida da sanyin zuciya. Fim ɗin ya hana shi wannan sanyin, ya ce masa mafi yawan zaluncin da ke niƙe mutane ba shi da fuska ɗaya, hannuwa dubu ne na mutanen kirki da kowannensu ke cewa ni dai aikina na yi. Duk wanda ya taɓa bin takardar haƙƙinsa daga tebur zuwa tebur, kowane ma'aikaci yana ce masa ba daga wurina ba ne, har ya gaji ya haƙura ba tare da ya ga wanda zai riƙe ba, ya san ginin da Worth yake magana a kai. Mai cewa ba a ba shi amsa ba, so yake a sauke masa nauyin da fim ɗin ya ɗora masa da niyya.

An ma gwada ba 'yan kallo abin da suke nema, mun ga yadda ta kaya. A 2002 aka fitar da Cube 2: Hypercube, da kuɗi fiye da na farko da hotunan kwamfuta birjik, aka ɗora laifin a kan wani kamfanin makamai. A 2004 aka fitar da Cube Zero, aka fito da mu waje aka nuna mana ma'aikatan da ke zaune gaban na'ura suna lura da fursunoni, da manyan da ke ba su umarni. Babu ɗayansu da Natali ya ba da umarni. An samu ƙarin kuɗi, an samu bayani, tsoron kuma ya tafi. Yau idan ana maganar Cube, na 1997 ake nufi.

Akwai kuma masu cewa mutanen cikin irin waɗannan finafinai wawaye ne, da ni ne da na yi kaza. Wannan an fi jin sa game da Circle, inda mutum 50 suka farka tsaye a da'ira, kowane minti biyu sai ɗaya ya mutu, suka kuma gano cewa su ne ke zaɓen wanda zai mutu da ƙuri'arsu. Nan da nan suka fara da tsofaffi, sannan aka shiga tone-tonen launin fata da addini da wanda ya shigo ƙasa ba takarda. Mai kallo yana kishingiɗe da cikinsa a ƙoshe yana cewa ai da sun haɗa kai sun ƙi zaɓe. Sun gwada, bai hana mutuwa ba. Haka a The Platform, inda teburin abinci ke saukowa daga bene zuwa bene har hawa 333, na sama su ci su yi ɓarna, na ƙasa su tarar da kwanon wofi, alhali kowane wata ana sauya wa kowa hawa. Wanda ya kwana da yunwa jiya, yau da ya samu kansa a sama bai tuna na ƙasa ba. Mai cewa shi da ya yi adalci a wurin, shaidar da bai da ita yake ba kansa. Ina ganin fushin da wasu ke yi da waɗannan mutane ba don sun yi abin da hankali ba zai ɗauka ba ne, don sun yi abin da muka sani sarai ne.

Ba cewa nake Cube ba shi da aibi ba. Yana da shi, kuma abin takaici shi ne surutun kuɗi ya hana a tattauna aibin na gaske. Wasan wasu daga cikin 'yan wasan yakan yi ƙarfi fiye da kima, ihu ya yi yawa inda shiru zai fi. Rikiɗewar Quentin daga jagora zuwa makashi ta zo da gaggawa, kuma akwai tambaya mai nauyi a kan cewa baƙar fata ɗaya tilo a fim ɗin shi aka mayar dodo. Kazan ma an gina shi a kan tsohon tunanin nan cewa mai lalurar ƙwaƙwalwa sai yana da wata baiwa ta ban mamaki kafin a ga amfaninsa. Waɗannan su ne abin muhawara, kuma ko ɗaya ba kuɗi ne zai gyara shi ba. Alƙalami ne.

Abin da ya ƙara tabbatar mini cewa ba labarin ake aunawa ba shi ne abin da ya faru a 2021. Squid Game na Koriya ta Kudu ya fito a Netflix, mutum 456 suna wasan da wanda ya faɗi zai mutu, aka kashe masa sama da dala miliyan 20, duniya ta ɗauka har garuruwanmu. Shiri ne mai kyau, ban musa ba. Amma ƙashin bayansa shi ne wanda Cube ya tsaya a kai shekara 24 kafin nan: baƙin juna, rufaffen wuri, ƙa'ida marar tausayi, da tambayar abin da mutum zai yi wa ɗan'uwansa don ya kwana da rai. Da aka yi masa ado da manyan filaye da tufafi masu launi sai ya zama hikima, da aka kawo shi a ɗaki ɗaya sai ya zama talauci.

Wannan hali yana da farashi, mu ma nan muna biya. Idan aka tambayi dalilin da ya sa finafinan Hausa ba su cika taɓa labarin ƙirƙirar kimiyya irin na Cube ba, amsar da aka fi ji ita ce babu kuɗi, babu kayan aiki. Cube ya rushe rabin wannan uzuri, domin kafinta da mai haɗa wuta da marubucin da ya zauna ya yi tunani sun isa a gina irinsa. Sauran rabin yana wuyan 'yan kallo. Furodusa ba zai zuba jarinsa a labarin mutum shida a ɗaki ɗaya ba matuƙar ya san tambayar farko da za a yi ita ce wane jarumi ne a ciki, ta biyu kuma nawa aka kashe. Mu ne muke koya wa masu shirya fim tsoro, sannan mu dawo muna ƙorafin cewa kullum labari ɗaya suke ba mu.

Cube minti 90 ne kacal. Mai karatu, ka neme shi ka kalla daga farko har ƙarshe ba tare da ka tsallake ba, ka ajiye tambayar nawa aka kashe, ka saurari abin da Worth ya faɗa game da aikinsa. Bayan nan, in ka ga dama, ka kalli na 2002 da aka kashe wa kuɗi, ka yanke hukunci da kanka.