Azithromycin Ba Trovan Ba Ne

Wani marubuci ya ce rabon maganin azithromycin ga ƙananan yara a Nijar maimaicin Trovan ne: an sake mayar da 'ya'yanmu zakaran gwajin dafi. Tsoronsa yana da tushe, domin Kano ba ta manta da 1996 ba.

Amma ina haɗin? Trovan sabon magani ne da kamfanin Pfizer ya gwada a kan yaran Kano a 1996, a tsakiyar annobar sanƙarau, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu ba. Azithromycin kuwa an shafe shekaru ana raba shi don ciwon idon tarakoma.

Marubucin ya karanta sakamakon binciken azithromycin kuwa? Binciken MORDOR na 2018 ya nuna mutuwar yara ta ragu da kashi 18 cikin ɗari a Nijar. Binciken AVENIR, a Doso da Tawa, ya samu raguwar kashi 14 a 2024. Waɗannan yaran fa, a bar su su mutu saboda laifin Pfizer?

Da ya yi maganar ƙwayoyin cuta da ke bijire wa maganin in an yawaita shi, da mun saurara, domin masu binciken ma sun ga alamar hakan. Amma bai ko taɓo ta ba.