Wa zai biya kuɗin rumbun?

Ƴan uwa, akwai wata magana da ke yawo tsakanin ƴan farar hula daga Yamai har Damagaram: wai mu tattara namu ya namu mu bar YouTube da Facebook, mu koma dandalin da ba shi da mai gida ɗaya, irin su PeerTube da Mastodon, don kada wani kamfanin Amurka ya wayi gari ya goge mana aikin shekaru. Dalilin daidai ne, ba mu da ja. Amma masu wannan wa'azi sukan ƙara da cewa "kuma kyauta ne". Nan muka raba hanya da su.

Manhajar ce kawai kyauta. Ƙungiyar Framasoft ta Faransa ta fitar da PeerTube a 2018, kowa na iya ɗauka ya girka. Sai dai manhaja buhu ce wofi. Bidiyo yana buƙatar uwar garke, wato kwamfutar da ba ta barci dare da rana, yana buƙatar wurin ajiya, yana buƙatar hanyar da zai bi ya iso wayar mai kallo. Duk ukun kuɗi ne.

Mu yi lissafi irin na kasuwa. Bidiyon taro na awa ɗaya, mai tsabta matsakaiciya da ake kira 720p, yakan ɗan wuce jiga ɗaya. In mutum 5,000 suka kalle shi har ƙarshe, jiga sama da 5,000 ke nan suka fita daga uwar garken. A kamfani irin Amazon, fitar jiga ɗaya kusan santi 9 na dalar Amurka ne, wato dala 450, sama da jika 250 na sefa. Bidiyo ɗaya tak! Kuma ga abin takaici: ranar da saƙonku ya karɓu, jama'a suka yi ca a kansa, ranar ce bashin zai fi nauyi.

Ajiyar ma ba ta tsaya a kwafi ɗaya ba. PeerTube na sarrafa kowane bidiyo zuwa girma daban-daban, ƙarami don mai rezo mara ƙarfi, babba don mai wifi, kuma kowane yana cin gurbinsa. A Mastodon kuwa, uwar garkenku na kwafo hotuna da bidiyon mutanen waje da ƴan gidanku ke bi, sai ku tarar rumbunku ya cika da hatsin wasu. Za a ce akwai kamfanoni masu araha a Turai. Akwai. Amma a watan Maris na 2021 gobara ta cinye wata cibiyar kamfanin OVH a Strasbourg, waɗanda ba su biya kuɗin kwafi na biyu ba suka tashi a tutar babu.

To, ina batun dabarar nan da ake ta kambamawa, cewa masu kallo suna taimakon juna, kowa na tura wa ɗan uwansa guntun bidiyon? Tana aiki in mutane da yawa na kallo a lokaci guda, a kan layin da ba a ƙidaya mega. Mu nan fa kusan kowa forfe yake saye. Mai ɗinki a Tawa da ya sa dala ɗari ba zai yarda wayarsa ta zama tashar tura kaya ba. Ko dai dabarar ta ci forfensa, ko a kashe ta, nauyin ya koma kan uwar garke.

Wasu kuma na cewa a girka na'urar a gida, a ofishin ƙungiya. Haba! Mun manta watan Agusta na 2023, da Najeriya ta yanke wutar da muka dogara da ita? Kuma kada a sayar mana da mafarki: a Fabrairun 2021, bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, an katse intanet ta wayar salula kusan kwana goma. Wanda ya toshe hanyar baki ɗaya bai damu da sunan dandalin da kuke ciki ba.

Wannan ba kiran a zauna a YouTube ba ne. Can ma ana biya, da talla, da bayanan mutanenmu, da ikon da muka miƙa wa wani ya ce wannan ya tsaya, wancan a cire. Abin da muke ƙi shi ne a buɗe dandali da kuɗin wani shirin tallafi na shekara biyu, a yi biki, a ɗauki hotuna, tallafi ya ƙare, wani yaro mai kishi ya yi wata uku yana biya daga aljihunsa, sannan wata safiya shaidar manoma da ta mata ta ɓace ba tare da wani ya hana mu magana ba.

Duk ƙungiyar da za ta ƙaura, ta fara rubuta kuɗin haya na shekara cikin kasafinta, da sunan wanda zai kula da na'urar. Ƙungiyoyin Maraɗi, Tawa da Damagaram su yi adashi su riƙe uwar garke ɗaya, maimakon kowa ya kafa tasa ta mutu. A rage kwaɗayin tsabtar hoto, 360p ta isa a ga fuskar mai magana. A yanke jawaban buɗe taro da gaishe-gaishen manyan baƙi, wallahi ba mai kallonsu. Kuma abin da kunne zai wadatar, a sa shi a murya: awa ɗaya ta sauti ba ta kai mega 30 ba, ga shi kuma tana shiga WhatsApp da gidajen rediyon karkara ba wahala.