Lafiya Uwar Jiki: Kumburin da ke cin rigar jijiya

A wajen karatun manya na garinmu akwai wani dattijo da alli ke suɓuce mishi kullum. Mun zaci rashin sabo ne, ashe yatsunshi biyu na ƙarshe sun daina ji. Da anka kai shi likita, sai anka ce kuturta ce. Shi ya sa a watan ga za mu yi magana bisa jijiya.

Ku dubi wayar rediyo: ƙarfe a ciki, roba a waje. Haka jijiyoyin ji suke. Su ke kai labari daga fata zuwa ƙwaƙwalwa, su kuma maido umurni ga hannu da ƙafa. Da yawansu suna da rigar kitse, sunanta miyelin. In rigar ta lalace, labari ya kan yi jinkiri ko ya ɓace a hanya.

Ƙwayar kuturta, wadda lokotoro Hansen ya gano a ƙasar Norwai a 1873, cikin rigar nan take ɓuya. Sai jiki ya aika da dakarunshi na cikin jini su yaƙe ta, su kuma su yi ta kiran ƴan uwansu, har wurin ya kumbura. Kumburin kwana kaɗan taimako ne. Amma in ya ɗauki watanni, shi da kanshi ke cin rigar, ya matse jijiyar har ta mutu. Kamar wutar sassabe ce da ta tsallaka ta kama rumbu.

Daga nan hannu ba ya jin zafin tukunya, ƙafa ba ta jin ƙaya. Miki bisa miki ke gajarta yatsu. Ba maita ba ce, ba gado ba ce.

Ga alamu ukku da za ku kula da su: tabo mai haske a fata wanda ba ya jin shafar auduga, jijiya mai kauri ko zafi a gwiwar hannu ko gefen gwiwa, yatsu ko ƙafa su rasa ƙarfi.

Magani akwai. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsaida a riƙa haɗa magunguna, kuma tun 1995 kyauta ake ba da su. Wata 6 ne ko wata 12. Wanda ya fara sha ya daina ɗaura ma kowa, don haka kada a ware mishi ƙwarya. A Danja, kusa da Maraɗi, akwai likitar da ta daɗe tana aikin ga.

Amma ku riƙe wannan: kumburi na iya tashi ko ana cikin shan magani, ko bayan an gama. In jijiya ta fara zafi, kada a bar maganin, kada a jira kasuwa ta gaba. A koma likita ran nan, akwai wani magani daban mai kwantar da kumburi. Jijiyar da anka tara da wuri ta kan farfaɗo, wadda ta mutu ba ta dawowa.

Wanda ya iya karatu ya karanta ma wanda bai iya ba. Sai wata mai zuwa.