A Koya wa Matasan 'Yan Sarkas Ba da Labari, Alkafura Kaɗai Ba Ta Riƙe Mutum

A watan Mayun 2017 kamfanin Ringling na Amurka ya naɗe tabarmarsa bayan shekara 146 yana yawo da giwaye da damisa da masu lilo a sama. Da ya dawo a 2023, ko dabba ɗaya bai zo da ita ba. Tsohon salon sarkas ke nan, wanda ake jero abubuwan al'ajabi ɗaya bayan ɗaya, a yi tafi, a kawo na gaba, kuma kasuwarsa ta daɗe tana ja da baya. Salon da ya gaje shi ya tsiro ne a Faransa da Kanada da Ostareliya tun shekarun 1970 da 1980, inda jikin ɗan Adam ya zama jarin wasan duka, kuma ake ɗinke alkafura da tafiya a kan igiya da jefa ƙwallaye ana cafewa su zama wasa guda mai kai da gindi. Yau akwai samari da 'yan mata da ke koyon wannan sana'a a Adis Ababa da Konakiri da Dakar da Tanja. Ra'ayina shi ne duk makarantar da ta koya musu tsayuwa a kan hannu amma ta bar koyon gina labari sai wata rana, ta tauye su, domin labarin ne zai sa wasan ya zama nasu.

Dalilin farko na ciki ne, ba na fasaha ba. Gwanintar jiki ta zama haja mai araha. Wanda ke da waya a hannu zai ga ɗan Sin ko ɗan Rasha yana juyi uku a iska kafin ya dira, kyauta, yana kwance a ɗakinsa. Matashin da duk abin da ya mallaka shi ne wasan minti bakwai na tsalle, za a iya ɗaukarsa aiki a otal ko jirgin ruwan 'yan yawon buɗe ido, amma ranar da gwiwarsa ta fara ciwo akwai goma a bayansa da ba su kai shi shekaru ba, kuma za su karɓi ƙasa da abin da ake ba shi. Matsayinsa bai wuce na ɗan dako ba: shi ke ɗaukar nauyin, mai kaya ke cin ribar. Ko babban kamfani ba mafaka ba ne. Cirque du Soleil, wanda aka kafa a Kebek ta Kanada a 1984 kuma ya fi kowa suna a wannan fage, ya sallami kusan kashi 95 cikin 100 na ma'aikatansa a Maris ɗin 2020 da annobar korona ta rufe zaurukan wasa. Wanda kuwa ya iya tsara wasa daga farko har ƙarshe, ko jikinsa ya gaji sana'arsa ba ta ƙare ba. Zai tsara wa wasu, zai koyar, kuma sunansa ne a jikin aikin.

To amma me ake nufi da labari a wasan da sau da yawa ba a furta ko kalma ɗaya? A nan mutane da dama ke yin kuskure, su ɗauka sai an tsayar da wasa an yi jawabi, ko a sa wa ɗan wasa rawani a ce sarki ne, sannan ya ci gaba da alkafurar da ya saba. Wannan liƙi ne, kuma mai kallo yana ganewa. Labarin sarkas yana cikin motsin kansa. Idan yarinya ta saki lilo ta miƙa hannu ga wanda zai cafe ta, ta riga ta yi maganar amana, kuma ba kwaikwayo take yi ba, domin in ya yi sake da gaske za ta faɗo. Idan mutum tara suka hau kafaɗun juna, na ƙasa ya ɗauki nauyin kowa kuma ba shi ake yi wa tafi ba. Faɗuwa, tallafi, jira, tsoro, duk suna nan a jikin wasan tun kafin wani ya rubuta komai. Aikin mai koyarwa shi ne ya sa ɗalibi ya tambayi kansa dalilin da ya sa yake hawa, wa yake gudu, wa ke jiransa a sama, sannan ya zaɓi motsin da ya dace da amsar, ko da ba shi ne mafi wuya a cikin abin da ya iya ba. Ajiye motsin da ka sha wahala a kansa saboda ba gurbinsa ba ne, wannan ne darasin da ya fi kowanne ɗaci.

Shaidar cewa ana iya koya wa matasa wannan tana nan a tarihi. Wasan da masana ke yawan kafa hujja da shi a kan sauyin salon sarkas a Faransa, Le Cri du caméléon na 1995, wasan kammala karatu ne na ɗaliban makarantar sarkas ta ƙasa da ke Shalon, waɗanda suka yi aiki da mai tsara rawa Josef Nadj. Ɗalibai ne, ba tsofaffin hannu ba. A Maroko, inda hawa kafaɗun juna ya daɗe ana gadonsa a cikin dangi ana yi a dandali da bakin teku, ƙungiyar 'yan alkafura ta Tanja da Sanae El Kamouni ta kafa a 2003 ta fito da Taoub, wasan da aka gina a kan wani makeken ƙyalle da ke rikiɗa a hannun 'yan wasan, kuma shi ya kai su manyan zaurukan Turai. A Gini, Circus Baobab da aka kafa a 1998 ya yi wasan Yé! a kan ruwa da rigimar da rashinsa ke haddasawa. Gwanintar jikin ta riga waɗannan wasanni zuwa duniya. Abin da ya ƙaru shi ne an ba ta abin faɗa.

Masu suka na cewa mutane sun biya kuɗi ne don su ga abin da zai tsayar musu da numfashi, kuma labari kan zama mafakar raggo. Akwai gaskiya a ciki. Ana samun wasannin da ake rage fitila, a sa kiɗa mai sanyi, ɗan wasa ya yi ta birgima a ƙasa minti goma, alhali abin da ake ɓoyewa shi ne bai iya ba. Amma maganin wannan ai ƙara horo ne. Wanda zai ba da labari yana tsaye da hannu ɗaya dole tsayuwar ta zame masa ruwan sha, har fuskarsa da numfashinsa su sami sararin yin wani aiki. Masu cewa a bari sai an ƙware tukuna kuwa sun manta cewa shekarun ƙarfin ɗan alkafura kaɗan ne, kuma wanda ya shekara goma ana ce masa "yi kaza" ba ya tashi rana ɗaya ya fara tunanin kansa.

Sukar da ta fi nauyi ita ce ta labarin wa ake bayarwa. Bafaranshe ne, Aurélien Bory, ya tsara Taoub. Circus Baobab ma da hannun Faransawa aka fara shi. Kuɗin da bukukuwan da ke sayen irin wannan wasa yawancinsu a Turai suke, kuma mai saye yana da abin da yake son gani daga Afirka: ganga, fenti a fuska, ko kuma yaron titi da sarkas ya ceto. Matashin da ke neman biza da abin kai wa baki zai iya sayar da talaucinsa a dandamali kowane dare don shi ke samun shiga. Wannan haɗari ne na gaske, sai dai hujja ce a kan a koya musu tsara wasa, domin wanda bai iya ba dole ya jira wani ya zo ya tsara masa. Dubi Circus Abyssinia na 'yan'uwa biyu Habashawa, Bibi da Bichu Tesfamariam. Da suka tashi yin wasansu Tulu, sai suka ɗauko rayuwar Derartu Tulu, baƙar fatar Afirka mace ta farko da ta ci zinare a gasar Olamfik, a tseren mita 10,000 a Basalona a 1992, wadda ta zagaya fili riƙe da hannun Elana Meyer, farar fata 'yar Afirka ta Kudu da ta zo ta biyu. Labarin nasara ne da Habashawa ke alfahari da shi, ba na neman tausayi ba, kuma su suka zaɓa.

Mu ma maganar ta shafe mu, ko da yake ba mu da makarantar sarkas da ta yi suna. 'Yan koroso na Kano suna lanƙwasa jiki su sarƙe da juna ta yadda duk wani mai horar da 'yan sarkas zai tsaya ya kalla. 'Yan hoto na cilla garma sama su tare ta. A gefe guda kuma yaran tashe na ba da cikakken labari a cikin 'yan mintuna da ɗan kiɗa da motsi. Gwanintar tana wani gida, labarin yana wani, kuma abin da aka fi nema daga ƙungiyoyin al'adu na jihohi shi ne su yi minti biyar a gaban babban baƙo kafin a fara jawabi. Sassan koyar da wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano, tare da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, su haɗa ɗalibansu da waɗannan matasa na tsawon zangon karatu guda, a ba su wurin atisaye da katifun kariya, a bar su su fito da wasan awa ɗaya da su suka tsara, kuma a rubuta sunan kowannensu a jikin takardar shiga.