Sikeli Kaɗai Ba Ya Faɗin Lafiyar Jiki

Daga Wakilinmu na Arewa

A watan Janairu na 2025 wani kwamitin masana kiwon lafiya su fiye da 50 daga ƙasashe dabam-dabam ya fito da rahoto a mujallar likitoci ta Lancet a Ingila, inda ya ce awon nan da ake kira BMI bai isa shi kaɗai a yanke wa mutum hukuncin ƙiba ba. Wannan magana ta shafi 'yan'uwanmu mazauna Ikko da Badun da Anacha, domin mu mutane ne da in ɗanmu ya koma gida da tumbi sai mu ce Kurmi ta karɓe shi.

Shi wannan awo lissafi ne mai sauƙi. Mutum zai auna tsawonsa a mita, ya ninka shi da kansa, sa'an nan ya raba nauyinsa na kilo da abin da ya samu. Alal misali, mai tsawon mita 1.70 zai sami 2.89. In nauyinsa kilo 70 ne, awonsa ya kama 24. In kuwa kilo 90 ne, ya kama 31. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ga baligi ƙasa da 18.5 rama ce, daga 18.5 zuwa 24.9 daidai ne, daga 25 nauyi ya yi yawa, daga 30 kuwa ƙiba ce mai jawo hawan jini da ciwon sukari da ciwon zuciya.

Hukumar ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da irin wannan ƙiba. A nan Nijeriya binciken lafiyar jama'a na 2018 ya nuna kashi 28 cikin ɗari na mata masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima, kashi 12 kuma ramammu ne. Watau cuta biyu ke gida ɗaya.

To, ina aibin awon? Wanda ya fara lissafin, Adolphe Quetelet, masanin lissafi ne na ƙasar Beljiyam a wajen 1830, ba likita ba, kuma jama'a a dunƙule yake aunawa, Turawa kuwa. Sai a 1972 Ba'amurke Ancel Keys ya raɗa masa sunan da yake amsawa yau. Lissafin bai san tsoka ba, bai san kitse ba. Ɗan dako a kasuwar Mile 12 wanda ke wuni yana sauke buhunan albasa yana iya kai 27 jikinsa kamar dutse. Maigidansa kuma da ke zaune a rumfa tun hantsi har magariba, ga shayi mai sukari, ga lemon kwalba, ga suya da dare, yana iya tsayawa a 24 alhali kitse ya taru masa a ciki. Sikeli zai tsorata na farko ya kwantar wa na biyu da hankali, na biyun kuwa shi ke bakin rami, don kitsen ciki ya fi kowane hatsari.

Ba cewa muke a jefar da lissafin ba. A ganinmu ƙofar shiga ce, kuma wanda ya kai 30 kada ya fake da cewa tsoka ce in ya san abin da ya fi ɗagawa shi ne cokali. Abin da masana suka ce shi ne a haɗa da awon ƙugu. Hukumomin lafiya na Ingila tun 2022 suke ba da shawarar kada kewayen ciki ya kai rabin tsawon mutum: mai santimita 170 ya tsaya ƙasa da 85. Ko babu tef ɗin tela, igiya ta isa. A auna tsawon mutum da ita, a ninke ta biyu, a zagaya ciki ɗan sama da cibiya. In bakinta bai haɗu ba, sai a nufi asibiti a auna jini da sukari. Mai juna biyu da yaran da ba su kai shekara 18 ba, nasu awon dabam ne.